Alfred von Tirpitz (1849–1930): Rayuwar Adimiral da Ya Gina Rundunar Ruwa da Lissafin 'Yan Kasuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Alfred von Tirpitz, jami'in da ya riƙe ma'aikatar sojan ruwan Jamus daga 1897 zuwa 1916, ta kuma auna aikinsa da ma'aunin da masana dabarun kasuwanci suke ɗorawa a kan gasar kamfanoni mai dogon zango. An nuna cewa Tirpitz gwani ne wajen tsara jari da kulle kasafi da tallata hajarsa ga majalisa da jama'a, amma ya ɗora lissafinsa gaba ɗaya a kan zaton cewa Birtaniya za ta zauna inda ya tarar da ita.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1972 wani manazarci ɗan Amurka mai suna Andrew Marshall ya rubuta takarda a cibiyar RAND game da gasar Amurka da Tarayyar Sobiyet. Abin da ya bambanta takardar da sauran rubuce-rubucen lokacin shi ne inda ya ɗebo tambayoyinsa. Ya aro su ne daga masu nazarin kamfanoni, waɗanda suka saba tambayar ɗan kasuwa ina ƙarfinsa yake, ina raunin abokin gasarsa, wane fage ya dace ya ja shi su kara, shekara nawa aljihunsa zai iya jurewa, kuma me abokin gasar zai yi idan ya farga. Littafin Michael Porter na 1980 kan dabarun gasa ya ƙara wa wannan tunani gindin zama, har ma'aikatar tsaron Amurka ta mayar da shi manufa a shekarun 1980.

Tirpitz ya mutu tun kafin a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk da haka, da wuya a sami rayuwar da ta fi tasa dacewa da a gwada tambayoyin a kanta, domin shi ne ya tsara wa ƙasarsa gasar ruwa ta shekara ashirin da babbar daular teku ta zamaninsa, ya kuma yi tsawon ran da ya ga yadda lissafin ya ƙare.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Alfred Tirpitz ranar 19 ga Maris, 1849 a garin Kustrin na masarautar Prussia, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland. Mahaifinsa ma'aikacin shari'a ne, kuma a Frankfurt ta bakin kogin Oder yaron ya tashi. Gidansu ba na sarauta ba ne, shi ma bai yi fice a makaranta ba. A 1865, yana ɗan shekara goma sha shida, ya shiga rundunar ruwan Prussia, wadda a lokacin ba ta taka kara ta karya ba. Martaba da kuɗi duk suna hannun sojan ƙasa. 'Ya'yan manya can suke tafiya, ruwa kuwa ya zama mafakar 'ya'yan ma'aikata irinsa.

Wani abin lura a wannan zango shi ne irin kusancin rundunar da Ingila. Jiragen Prussia sukan je Plymouth neman kayan aiki da gyara, kuma jirgin König Wilhelm da Tirpitz ya yi aiki a kansa lokacin yaƙin Faransa na 1870 zuwa 1871 a bakin kogin Thames aka ƙera shi. Sojan ƙasa suka ci yaƙin suka haɗa kan Jamus, shi kuwa jirgin ya shafe mafi yawan watannin a ɗaure kusa da gaɓa. Matashin hafsan bai manta da wannan kunya ba. Sha'awar Ingilar ma ba ta bar shi ba, domin ya iya harshensu sosai, daga baya kuma ya tura 'ya'yansa mata karatu Cheltenham.

Daga 1877 aka ɗora shi a kan aikin tofido, wato makamin da ke tafiya ƙarƙashin ruwa ya fasa cikin jirgi. Ya shafe fiye da shekara goma a wannan sashe, kuma a nan ne halinsa na manajan masana'anta ya fara bayyana. Bai tsaya ga koya wa matuƙa harbi ba. Ya shiga harkar ƙira da gwaji da farashi, ya ƙarfafa ma'aikatar gwamnati da ke Friedrichsort kusa da Kiel don kada rundunar ta dogara ga kamfani ɗaya ya riƙa yanka mata farashin da ya ga dama. Ya kuma tara wasu matasan hafsoshi da suka ci gaba da bin sa har ƙarshen aikinsa. Abin mamaki, mutumin da ya yi suna da ƙaramin makami mai araha shi ne ya zama babban mai kare manyan jirage masu tsada. A 1894, yana shugaban ma'aikatan babbar hedikwatar runduna, ya fitar da wata takardar aiki da aka fi sani da lamba ta tara, inda ya kafa hujjar cewa mallakar teku tana ga wanda ya ci babbar arangama, kuma ba a cin ta sai da jiragen daga, wato manyan jirage masu sulke da igwa waɗanda ake jerawa sahu guda. Wannan ya yi daidai da koyarwar Alfred Mahan ɗan Amurka, wanda littafinsa na 1890 kan tasirin ƙarfin teku a tarihi ya mamaye zuciyar Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu.

3.0 Dokar da Ta Kulle Kasafi

Wilhelm, jikan Sarauniya Victoria ta wajen uwa, yana son jirage, amma bai san waɗanne iri yake so ba. Sakatarensa na harkokin ruwa, Friedrich von Hollmann, yakan je majalisar dokoki kowace shekara da buƙatu marasa tsari, 'yan majalisa su yi musu yankan ƙauna. Da suka sake yin haka a farkon 1897, sai aka kira Tirpitz daga gabashin Asiya, inda yake jagorantar ayarin jiragen sintiri, inda kuma ya duba mashigin Jiaozhou na ƙasar Sin wanda Jamus ta mamaye a ƙarshen wannan shekara. Ya kama aiki a watan Yuni, nan take ya miƙa wa Sarki takardar sirri da ta ambaci Ingila a matsayin abokiyar gaba mafi haɗari a teku, ta kuma ce a tara ƙarfi duka a tsakanin tsibirin Heligoland da bakin Thames.

Matsalar da ke gabansa ta jari ce. Jirgin daga yakan ɗauki shekara uku ko fiye kafin a gama shi, kamfani kuma ba zai faɗaɗa ma'aikata ya ɗauki ƙwararru ba idan bai san ko za a ba shi aiki baɗi ba. Maganin da Tirpitz ya kawo shi ne a fitar da girman runduna daga muhawarar shekara-shekara a sa shi cikin doka. Dokar farko ta 1898 ta ƙayyade jiragen daga 19, da masu gadin gaɓa 8, da manyan jiragen sintiri 12, da ƙanana 30. Muhimmin sashen dokar kuwa shi ne wanda mutane da yawa ba su kula da shi ba, wato tanadin cewa duk jirgin daga da ya cika shekara 25 dole a maye gurbinsa da sabo. Dokar ba ta faɗi girman sabon ba. Ke nan tsohon ƙaramin jirgi yana iya komawa ƙato a ƙarƙashin sunan musanya. Dokar 1900 ta ninka jiragen daga zuwa 38, bayan da sojan ruwan Birtaniya suka tsare wasu jiragen fasinja na Jamus a gaɓar Afirka lokacin yaƙin Boer, abin da ya tunzura jama'a, Tirpitz kuma bai bar damar ta wuce ba. A wannan shekara aka ɗaga shi zuwa sahun masu sarauta, sunansa ya sami ƙarin von.

Burin da yake tafiya zuwa gare shi lissafi ne mai sauƙi. Manyan jirage kusan sittin, kowanne da wa'adin shekara ashirin, sun ba da jirage uku a kowace shekara har illa masha Allahu. Idan aka kai wannan matsayi, majalisa ba ta da sauran ta cewa sai biyan kuɗi, kamfanoni kuma sun sami tabbacin ciniki. Krupp, wanda ke yin igwa da sulke, ya karɓi ma'aikatar Germania ta Kiel. Blohm & Voss a Hamburg da Vulcan a Stettin da Schichau a Danzig duk suka faɗaɗa. Tirpitz yakan raba kwangila tsakaninsu ya kuma riƙe ma'aikatun gwamnati a matsayin ma'aunin farashi. Inda ya kasa shi ne sulke, domin Krupp da Dillinger sun haɗa baki sun riƙe kasuwar, yunƙurinsa na shigo da Thyssen don ya karya su kuwa bai yi nasara ba.

Wajen talla ma ba a bar shi a baya ba. Ya buɗe ofishin watsa labarai a cikin ma'aikatarsa, ya jawo malaman jami'o'i suna laccoci da rubuce-rubuce, ana kai 'yan majalisa da 'yan jarida ziyara tashoshin jirage, ya je har gidan tsoho Bismarck neman albarka. Ƙungiyar Masoya Runduna da aka kafa a 1898 da tallafin masu masana'antu ta kai ga tara mambobi wajen miliyan ɗaya idan aka haɗa da ƙungiyoyin da suka shiga a dunƙule. A majalisa kuwa ya yi haƙuri da jam'iyyar Katolika ta tsakiya har ya sami ƙuri'unta, da sharaɗin ba za a biya kuɗin jiragen ta hanyar ƙara haraji a kan kayan masarufin talaka ba. Wannan sharaɗi ya zame masa ƙaya daga baya, domin gwamnatin tarayya ba ta da ikon harajin kai-tsaye, wanda ke hannun jihohi. Aka koma ga bashi da ƙananan haraji, ciki har da na giya mai kumfa da aka ƙirƙiro a 1902, wanda har yau Jamusawa suke biya alhali jiragen sun daɗe da nutsewa.

Masana tarihi sun yi saɓani game da ainihin manufarsa. Eckart Kehr da Volker Berghahn sun karanta shirin a matsayin makamin siyasar cikin gida, wanda aka nufa da rage ƙarfin majalisa da janye ma'aikata daga jam'iyyar gurguzu. Patrick Kelly ya fi ganin ma'aikacin gwamnati ne da ke kare ofishinsa da kasafinsa. Akwai abin da ke ƙarfafa karatu na biyu. A 1899 Tirpitz ya sa aka rusa babbar hedikwatar runduna don kada wani ofishi ya yi gogayya da nasa a gaban Sarki. Ya sami abin da yake so, amma daga ranar babu wani wuri guda da ake haɗa shirin ƙera jirage da shirin yaƙi da su.

4.0 Ra'in Kasada

Tirpitz bai taɓa cewa Jamus za ta kamo Birtaniya a yawan jirage ba. Hujjar da ya rataya a dokar 1900 ita ce wadda aka sani da Ra'in Kasada. Ma'anarsa ita ce, idan rundunar Jamus ta kai wani girma, to ko Birtaniya ta ci ta da yaƙi za ta fito a raunane har Faransa ko Rasha su iya gamawa da ita. Tsoron wannan zai hana ta kai hari, ya kuma tilasta mata sassauci a harkar mulkin mallaka da ciniki. Ƙasashe masu matsakaicin ƙarfin ruwa kuma za su ga amfanin ƙulla ƙawance da Jamus. Ya yarda akwai wasu shekaru masu haɗari kafin a kai girman, lokacin da Birtaniya za ta iya afka wa jiragen a tasha kamar yadda ta yi wa Denmark a Copenhagen a 1807. Saboda haka ya nemi diflomasiyyar Jamus ta yi kaffa-kaffa har a tsallake.

Idan aka ɗora tambayoyin Marshall a kan wannan ra'i, ramukansa suna fitowa fili. Ya zaci Birtaniya ba za ta iya janye jiragenta daga Bahar Rum da gabas mai nisa ta tara su a gida ba. Ya zaci gabarta da Faransa da Rasha ta dindindin ce. Ya zaci majalisar Landan da masu biyan haraji za su gaji kafin na Berlin, kuma ƙarancin matuƙa zai taka mata birki tunda ba ta tilasta wa matasa aikin soja. Akwai abin da ya ba shi ƙwarin gwiwa, domin Jamus ta wuce Birtaniya a narkar da ƙarfe tun shekarun 1890, kafin 1914 ma ta ninka ta. Amma yawan ƙarfe daban, saurin ƙera jirgi da arahar sa daban, kuma a nan ma'aikatun Clyde da Tyne ba su da na biyu a duniya.

Babban kuskuren ya fi waɗannan zurfi. Ɗan kasuwar da ya shigo sabo yakan nemi lungun da babban dillali ya yi sakaci da shi, ko hajar da dillalin ba zai iya bin sa a kanta ba sai ya ɓata tasa. Tirpitz ya kafa rumfa a ƙofar shagon mai kasuwar, yana sayar da hajar da mai shagon ya fi kowa iyawa. Ga Birtaniya, wadda tsibiri ce da ke cin abinci daga ƙetare, rinjaye a teku batun rai da mutuwa ne, don haka babu farashin da ba za ta biya ba. Jamus kuwa tana tsakanin Faransa da Rasha, tsaronta yana wuyan sojan ƙasa, duk mak ɗin da aka zuba a ruwa an ɗauke shi ne daga can. Gasar da aka tsara don ta ɗora wa Birtaniya nauyi sai ta fi danne mai tsara ta.

5.0 Martanin Birtaniya

Zatuttukan suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya cikin shekara biyar. Birtaniya ta ƙulla ƙawance da Japan a 1902, ta sasanta da Faransa a 1904, Japan ta hallaka rundunar Rasha a Tsushima a 1905, sannan Landan ta daidaita da Rashar a 1907. Ƙasashen da ake sa ran za su ci moriyar raunin Birtaniya sun koma abokanta.

A watan Oktoba na 1904 kuma John Fisher ya zama babban hafsan ruwan Birtaniya. Jon Sumida da Nicholas Lambert sun nuna cewa matsin kasafi ne ya fi damunsa da farko fiye da Jamus, amma sakamakon a wurin Tirpitz ɗaya ne. Fisher ya yi abin da manajan da ya gaji kamfani mai rassa barkatai yake yi. Ya cire tsofaffin jirage kusan 150 da ba su iya yaƙi ba su iya gudu, ya rufe ko ya rage wasu tashoshi na nesa, ya kwashe matuƙan ya zuba su a jiragen gida, ya karkato da nauyin runduna zuwa tekun da ke fuskantar Jamus. Ya yi haka kasafin yana sauka, daga kusan fam miliyan 37 a 1904 zuwa kusan miliyan 31 a 1907. Abin da Tirpitz ya ce ba zai yiwu ba an yi shi, har da rarar kuɗi.

Sai kuma Dreadnought. An kafa ƙashinsa a Portsmouth a watan Oktoba na 1905, aka saka shi ruwa a Fabrairu na 1906, ya shiga aiki kafin ƙarshen shekarar. Yana ɗauke da manyan igwa goma masu faɗin baki inci 12, alhali jiragen da suka gabace shi huɗu suke ɗauka, yana kuma gudun kusan kilomita 39 a awa da sabon injin tururi mai juyawa. Masu suka a Landan sun ce Fisher ya zubar da rinjayen ƙasarsa da hannunsa, tunda sabon jirgin ya tsofar da na kowa, har da na Birtaniya. A zahiri ya yi abin da manyan kamfanoni suka fi jin tsoro ne, wato ya kashe hajarsa da kansa kafin wani ya kashe masa ita, domin Amurka da Japan sun riga sun doshi irin wannan ƙira.

Ga Tirpitz kiɗa ya canza, tsarinsa kuwa an gina shi ne don rawa iri ɗaya. Dokokinsa sun ƙidaya jirage, ba su ƙidaya kuɗin kowanne ba. Jirgi ajin Deutschland ya ci kusan mak miliyan 24, na ajin Nassau da ya biyo baya ya ci kusan miliyan 37, kafin yaƙi kuma farashin ya doshi miliyan 50. Mashigin Kiel, wanda ke ba jirage damar ratsawa tsakanin tekun Baltik da Tekun Arewa, ya yi wa sababbin jiragen kaɗan, aka shiga faɗaɗa shi daga 1907 zuwa 1914 da kuɗin da ya haura mak miliyan 200. A nan ne ya kamata a tsaya a sake lissafi. Tirpitz ya zaɓi ƙara zubi. Gyaran dokar 1906 ya ƙara manyan jiragen sintiri shida, na 1908 ya rage wa'adin jirgi daga shekara 25 zuwa 20, ya ɗaga ƙira zuwa jirage huɗu a shekara har 1911. Masana tattalin arziki suna da suna ga wannan hali, na mutumin da yawan abin da ya riga ya kashe yake hana shi janyewa.

Amsar Landan ta zo a 1909, lokacin da gwamnatin masu sassaucin ra'ayi, wadda ta hau mulki da alkawarin rage kuɗin makamai, ta amince da manyan jirage takwas a shekara guda. Lloyd George ya nemo kuɗin ta hanyar ƙara haraji a kan masu hannu da shuni. A Berlin kuwa, a wannan shekara, masu manyan gonaki suka kayar da harajin gado, shugaban gwamnati Bernhard von Bülow ya sauka. Gasar ta koma ta tsarin haraji, kuma a nan aka ga wanda aljihunsa ya fi zurfi. Magajin Bülow, Bethmann Hollweg, ya so a sayi sulhu da Birtaniya ta hanyar rage jirage, amma Tirpitz, wanda aka ba muƙamin Babban Adimiral a 1911, ya tsaya kai da fata. Ziyarar Lord Haldane zuwa Berlin a Fabrairu na 1912 ta tashi a tutar babu, aka kuma zartar da gyara na uku. Winston Churchill, wanda ya zama ministan ruwa, ya bayyana a fili cewa Birtaniya za ta riƙe rinjayen kashi 60 cikin ɗari, kuma duk ƙarin jirgi ɗaya da Jamus ta yi za a amsa shi da biyu. Ya kuma janyo jiragen daga daga Bahar Rum ya bar wa Faransa gadinsa. A farkon 1913 Tirpitz ya shaida wa kwamitin kasafi na majalisa cewa ya amince da ma'aunin 16 da 10. A wannan shekara kuɗi suka koma ga faɗaɗa sojan ƙasa.

6.0 Yaƙi da Murabus

A taron sirri da Sarki ya kira ranar 8 ga Disamba, 1912, Tirpitz ya nemi a jinkirta duk wani yaƙi da shekara ɗaya da rabi har a gama mashigin Kiel da tashar Heligoland. Yaƙin ya zo a Agusta na 1914, makonni kaɗan bayan buɗe mashigin. Birtaniya ta shiga ba tare da Ra'in Kasada ya hana ta ba.

Shirin ya dogara ne ga zuwan jiragen Birtaniya kusa da gaɓar Jamus, inda nakiyoyi da jiragen tofido za su rage su kafin babbar arangama. Ba su zo ba. Suka zauna a Scapa Flow a arewacin Scotland, suka toshe mashigin Dover, suka rufe ƙofofin Tekun Arewa biyu daga nesa. Wani ƙaramin hafsa, Wolfgang Wegener, ya rubuta tun 1915 cewa an gina rundunar ne a tekun da ba ya kaiwa ga hanyoyin cinikin duniya, kuma ko an ci nasara a cikinsa ba a taɓa jijiyar Birtaniya ba. Taswira ta nuna wannan tun 1897, shekara goma sha bakwai ana ƙidayar jirage ba a dube ta ba.

Tirpitz ya matsa a fita a yi arangama, amma ba shi da iko a kan jirgi ko ɗaya. Aikinsa ƙira da kasafi ne, umarnin yaƙi yana hannun Sarki da wasu ofisoshi, sakamakon rarrabuwar da shi da kansa ya jawo a 1899. Sarki kuma ba ya son a yi asarar jiragensa. A watan farko na yaƙin aka kama ɗansa Wolfgang bayan nutsewar jirgin Mainz kusa da Heligoland, Churchill ya sa aka aika masa da labarin cewa yaron yana raye. Daga nan ya juya ga jirgin ƙarƙashin teku, makamin da ya daɗe yana ja baya da shi don kada ya ci kuɗin jiragen daga. Jamus ba ta sami na farko ba sai 1906, ta kuma shiga yaƙi da ƙasa da talatin. Wannan shi ne lungun da babban dillali ya yi sakaci da shi, kuma tsohon masanin tofido ne ya fi kowa cancantar gane hakan. A ƙarshen 1914 ya shaida wa wani ɗan jaridar Amurka cewa Jamus tana iya yi wa Birtaniya ƙawanya da waɗannan jirage, tun kafin gwamnati ta yanke shawara. Nutsar da Lusitania a Mayu na 1915 ya harzuƙa Amurka, Bethmann ya sa aka taƙaita hare-haren, Tirpitz ya yi ta jayayya har aka daina shawara da shi. Ya sha yin barazanar murabus a baya ana lallashinsa. A watan Maris na 1916 Sarki ya karɓa.

Bayan wata biyu da rabi aka yi arangamar Jutland, ranar 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni. Jiragensa sun nuna ingancin ƙira, domin Birtaniya ta rasa jirage 14 da mutum wajen 6,000, Jamus ta rasa 11 da mutum wajen 2,500. Amma kashegari rundunar Jamus tana tasha, ƙawanyar kuma tana nan yadda take.

7.0 Shekarun Ƙarshe

A 1917 Tirpitz ya shugabanci Jam'iyyar Ƙasar Uba, wadda ya kafa tare da Wolfgang Kapp don adawa da duk wani sulhu da ba a ci ƙasa a cikinsa ba. A ƙarshen Oktoba na 1918 hafsoshi suka shirya fitar da runduna zuwa arangamar ƙarshe, matuƙan da suka gaji da zaman tasha da mummunan abinci suka ƙi. Boren ya bazu daga Kiel zuwa sauran birane, cikin kwanaki kaɗan Wilhelm ya rasa gadon sarauta. Aka kai jiragen Scapa Flow aka tsare. Ranar 21 ga Yuni, 1919, Adimiral Ludwig von Reuter ya ba da umarnin a buɗe musu ruwa, 52 daga cikin 74 suka nutse.

A wannan shekara Tirpitz ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, inda ya ɗora laifin a kan Bethmann da masu ba Sarki shawara, ya nace cewa shirin daidai yake, amfani da shi ne ba a yi ba. Ya zauna a majalisar dokoki daga 1924 zuwa 1928 a ƙarƙashin jam'iyyar 'yan kishin ƙasa masu ra'ayin riƙau, yana kuma cikin waɗanda suka shawo kan Hindenburg ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1925. Ya mutu ranar 6 ga Maris, 1930 a Ebenhausen kusa da Munich, saura kwana goma sha uku ya cika shekara 81. A 1939 gwamnatin Hitler ta sa wa wani sabon jirgin daga sunansa. Jirgin ya shafe mafi yawan yaƙin duniya na biyu a ɓoye cikin mashigan Norway, har jiragen saman Birtaniya suka kifar da shi kusa da Tromso a watan Nuwamba na 1944.